Gudanar da manyan ayyuka da nauyin da ke wuyan manajan aiki: Misali daga Lafiya

Matafiyin da ya tashi daga Keffi zuwa Makurɗi a yau yana bin tagwayen hanya ne da ta ratsa Akwanga da Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa. Aikin wannan hanya, haɗe da faɗaɗa wani ɗan yanki na hanyar Abuja zuwa Keffi, ya kai tsawon kimanin kilomita 227, kuma kuɗinsa ya kama dala miliyan 542. Kashi 85 cikin ɗari na kuɗin rance ne daga bankin Exim na ƙasar Sin, sauran kuma daga aljihun Gwamnatin Tarayya. Kamfanin China Harbour ne ya yi aikin, wanda ya kankama a 2019, aka kammala shi a 2023. A watan Fabrairun 2025 aka fara karɓar kuɗin bin hanyar domin biyan bashin.

Direba ba ya ganin komai sai kwalta da shingen biyan kuɗi. Amma tsakanin ranar da aka sa hannu a kan yarjejeniya da ranar da aka buɗe hanyar, akwai dubban shawarwari da sai an yanke su: wane yanki za a fara, ina za a fasa dutse, ta ina za a karkatar da motoci yayin da ake gina gada, wa za a biya diyya kuma yaushe, me za a yi idan damina ta faɗi ba a gama magudanar ruwa ba. Ilimin tsara waɗannan shawarwari da bin diddiginsu shi ake kira gudanar da aiki. Wanda aka ɗora wa alhakin riƙe su baki ɗaya kuwa shi ne manajan aiki.

Batun ba na injiniyoyi ba ne kaɗai. A 2011 kwamitin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa ƙarƙashin jagorancin Ibrahim Bunu, tsohon ministan Babban Birnin Tarayya, ya ƙirga ayyukan Gwamnatin Tarayya 11,886 da ba a kammala ba, ya kuma ce ana buƙatar naira tiriliyan 7.78 kafin a ƙarasa su. Kowane ɗaya daga cikinsu kuɗin jama'a ne da aka zuba a ƙasa, ga kuma al'ummar da aka yi wa alkawarin ruwa ko asibiti ko hanya, tana jira.

Wane irin aiki ake nufi?

Kalmar “aiki” a Hausa tana da faɗi. Ta haɗa noma da aikin ofis da aikin gayya. A wannan fanni ana nufin abu guda: yunƙuri mai farko da ƙarshe, wanda ake yi domin samar da wani abu da babu shi a da. Haka Cibiyar Gudanar da Ayyuka ta PMI, wadda aka kafa a Amurka a 1969, take fayyace shi. Gina hanyar Keffi zuwa Makurɗi aiki ne a wannan ma'ana, domin yana da ranar farawa da ranar miƙawa. Karɓar kuɗi a shingen Lafiya kowace safiya kuwa hidima ce ta yau da kullum, wadda ba ta da ranar gamawa.

Ba gini kaɗai ke shiga wannan ma'ana ba. Rigakafin cuta na mako biyu a ƙaramar hukuma, ƙidayar jama'a, buɗe sabuwar tsangaya a Jami'ar Tarayya ta Lafiya da aka kafa a 2011, sauya bayanan albashin ma'aikata daga takarda zuwa kwamfuta, duk ayyuka ne, kuma ƙa'ida ɗaya ce ke tafiyar da su.

Duwatsun murhu uku

Kowane aiki yana zaune ne a kan abubuwa uku: iyakar abin da za a yi, lokacin da za a ɗauka, da kuɗin da za a kashe. Ana iya kwatanta su da duwatsun murhu, ingancin aikin kuma shi ne tukunyar da ke kansu. Ba a taɓa dutse ɗaya tukunya ba ta karkata ba.

A ɗauka, alal misali, an ba da kwangilar asibitin sha-ka-tafi mai ɗaki shida a wani ƙauye, za a gama cikin wata takwas. Gini ya kai linta sai mai aiki ya ce a ƙara ɗakin haihuwa da katanga. Buƙatar tana da kyau, amma iyakar aiki ta ƙaru, saboda haka dole kuɗi ko lokaci ko dukansu su ƙaru. Idan aka dage cewa kuɗi da rana suna nan yadda suke, to tukunya ce za ta biya: a rage siminti a bulo, a sa siririn rodi, a rufe da kwano mai araha. Bayan damina biyu bango ya tsage, a ce laifin magini ne, alhali tun a ofis aka yanke hukuncin tsagewarsa. Aikin manaja a irin wannan gaɓa shi ne ya rubuta wa mai aiki abin da ƙarin zai ci, ya kuma ƙi motsawa sai an amince a rubuce.

Matakai biyar

Masana sun saba kasa rayuwar aiki gida biyar: assasawa, tsarawa, aiwatarwa, sa ido, da rufewa. Ba a jere suke tafiya kamar taragun jirgi ba, domin sa ido yana farawa ne tun ranar farko, tsari kuma ana komawa kansa sau da yawa.

A matakin assasawa ake amsa tambayar da aka fi tsallakewa: me ya sa za a yi wannan aiki, kuma wa zai amfana? A nan ake binciken yiwuwarsa, a san inda kuɗi za su fito, a rubuta takardar da ta naɗa manaja ta kuma fayyace ikonsa. Kasuwar da aka gina a wurin da 'yan kasuwa ba za su koma ba, ko rijiyar burtsatse da aka haƙa ba a tanadi mai kula da injinta ba, tun a wannan mataki suka mutu, ko da ginin ya yi kyau.

Tsarawa ita ce zuciyar fannin, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, saboda babu hoton da za a ɗauka a cikinta. Ana fara ta ne da farfasa aikin zuwa ƙananan sassa har sai kowane sashe ya zama abin da mutum ɗaya zai iya ɗaukar alhakinsa, a kuma iya ƙiyasta kuɗinsa da kwanakinsa. “Gina hanya” ba abin ƙiyastawa ba ne. Amma share daji daga kilomita kaza zuwa kaza, cike ƙasa da daddaɓe ta, gina kwalbatoci goma sha biyu, shimfiɗa tsakuwa, zuba kwalta, duk ana iya auna su.

Daga nan sai a jera sassan bisa dogaron da wani ke yi da wani. Wasu ana iya yin su lokaci guda, wasu kuma dole su jira. Ba a zuba kwalta kafin a gama kwalbatin da ke ƙarƙashinta, kuma kankare yana buƙatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake gwada shi a kai, komai gaggawar mai aiki. Idan aka bi wannan sarƙa za a ga akwai jerin ayyuka guda mafi tsawo, wanda shi ne ke ƙayyade ranar gamawa. Jinkirin kwana ɗaya a cikin wannan jeri jinkirin kwana ɗaya ne ga aikin baki ɗaya, alhali wasu sassan da ke gefe suna iya yin latti na mako guda ba tare da wata illa ba. Manajan da ya san wannan jeri ya san inda zai tura katafila idan guda ɗaya ta rage masa. Wanda bai sani ba zai tura ta inda aka fi ɗaga masa murya.

Wannan dabara ta samo asali ne a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da kamfanin DuPont na Amurka ya ɓullo da ita domin tsara gyaran masana'antunsa, rundunar sojin ruwan ƙasar kuma ta samar da makamanciyarta a 1958 domin shirin makamin Polaris. Kafin su, a shekarun 1910, injiniya Henry Gantt ya yaɗa jadawalin da ke nuna kowane sashen aiki a matsayin zane a kwance a kan kalanda. Har yau jadawalin Gantt ne ake mannawa a bangon ofishin filin aiki.

A yankin Lafiya, kalandar aikin hanya tana bin sama ne. Damina takan fara wajen Afrilu ta kai Oktoba, kuma aikin cike ƙasa da daddaɓe ta ba ya yiwuwa yadda ya kamata a cikin laka. Kwangilar da aka sa wa hannu a Nuwamba amma kuɗin fara ta ba su fito ba sai a Mayu, ba wata shida ta yi asara ba, shekara guda ce. Manajan da ya san ƙasar zai tura aikin ƙasa zuwa rani, ya bar wa damina abin da ruwa ba ya hanawa, kamar zuba sassan kwalbati a sansani da tara tsakuwa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Gaggawar fara gini kafin a gama tsari ba cutar Najeriya ba ce kaɗai. An fara ginin shahararren zauren wasanni na birnin Sydney a Ostireliya a 1959 tun zanensa bai kammala ba. An sa ran gama shi a 1963 a kan dalar ƙasar miliyan 7, amma sai a 1973 aka buɗe shi, bayan ya lashe miliyan 102, mai zanen kuma ya ajiye aikin tun a 1966.

Wane ne manajan aiki?

Jama'a kan ɗauka cewa manajan aiki shi ne ɗan kwangila, ko injiniyan da ake gani da hular kwano. Ba lallai ba ne. A babban aiki akwai mai aiki, wato ma'aikata ko hukumar da ta ba da kwangila. Akwai ɗan kwangila mai ginawa, akwai kamfanin masu ba da shawara da ke duba inganci, akwai masanin ƙididdigar kayan gini da ke auna abin da aka yi kafin a biya, wani lokaci kuma akwai bankin da ya ba da rance, mai nasa sharuɗɗan. Kowannensu yana kallon ɓangarensa. Manaja shi ne wanda ke kallon duka, kuma sau da yawa mai aiki yana da nasa, ɗan kwangila ma yana da nasa.

Ba dole ne ya fi kowa sanin kankare ba. Abin da ake nema a wurinsa shi ne a kowace rana ya iya amsa tambayoyi uku: ina aka kwana, nawa aka kashe, me ke tafe? Tambaya ta biyu tana da tarko. A ce kwangilar naira miliyan 100 ce ta wata goma. Bayan wata biyar an kashe miliyan 60, sai a ce aiki ya wuce rabi. Amma idan aka auna abin da ke ƙasa aka tarar darajarsa miliyan 40 ce, to aikin yana baya a lokaci, domin ya kamata ya kai na miliyan 50, kuma yana cin kuɗi fiye da ƙima, domin kowace naira da aka kashe ba ta haifar da aikin naira ɗaya ba. Idan aka ci gaba a haka, miliyan 150 za a nema kafin a gama. Manajan kirki zai faɗi wannan a wata na biyar, lokacin da akwai sauran dabara. Rahoton da ke cewa komai lafiya har zuwa ranar da ma'aikata suka kwashe kayansu, shi ne mafi tsadar takarda a aikin gwamnati.

Wannan ne ya sa faɗin gaskiya da wuri ya fi kowace manhajar kwamfuta muhimmanci a sana'ar. Kuma ba abu ne mai sauƙi ba, domin wanda za a kai wa mummunan labarin galibi shi ne ya riga ya sanar da ranar ƙaddamarwa a bainar jama'a.

Mafi yawan lokacin manaja yana tafiya ne a kan mutane, ba a kan injuna ba. Hanyar da za ta ratsa gari irin Lafiya tana bi ta gaban shaguna da gidaje da gonaki. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta kuma tanadi diyya a kan gini da amfanin gona idan aka karɓi fili domin amfanin jama'a. Ma'ana, ko da aikin na tarayya ne, ba zai motsa ba sai da haɗin kan gwamnatin jiha. Sai kuma turakun wuta da bututun ruwa da wayoyin sadarwa da za a kawar, kowanne da hukumarsa. Sai sarakuna da masu unguwanni, waɗanda ta bakinsu jama'a ke jin gaskiyar abin da ke tafe, da ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwar bakin hanya, da matasan gari masu neman a ɗauke su aiki. Katafilar da ke tsaye saboda ba a biya diyyar gida uku ba, ana biyan kuɗin hayarta kowace rana.

Sai haɗurra. Manaja yakan riƙe rajista da ke lissafa abin da zai iya faruwa, yiwuwar faruwarsa, girman ɓarnarsa, da wanda zai ɗauki mataki. Wasu haɗurran na fili ne, kamar ambaliya ko rashin tsaro. Wasu kuma daga nesa suke zuwa. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 da sakin farashin naira a watan Yuni, dalar da ake canzawa a hukumance a kan kimanin naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk kwangilar da aka ƙiyasta kafin wannan lokaci, kuma take dogara da kayan waje ko siminti da rodi, lissafinta ya rushe. Manaja ba zai iya hana faɗuwar naira ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya tabbatar yarjejeniya ta fayyace yadda za a sake duba farashi, an ware kuɗin ko-ta-kwana, an kuma sayi kayan da ke da wuyar samu da wuri.

Abin da doka ta tanada

Dokar Sayen Kayayyaki da Ba da Kwangila ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta mayar da wasu daga cikin waɗannan ƙa'idoji wajibi a ayyukan Gwamnatin Tarayya. Ta hana ba da kwangila ba tare da tsari da tanadin kuɗi a kasafi ba. Ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami a kan kashi 15 cikin ɗari, bisa lamunin banki ko kamfanin inshora, kafin gyaran da aka yi ta Dokar Kuɗi ta 2020 ya ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar cikin gida. Ta kuma ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardar neman kuɗi ya zama jinkirtacce, kuma za a ɗora masa ruwa. Jihohi suna da nasu dokokin a kan wannan tafarki. Tun daga 2019 hukumar ICPC ta shiga bin sawun ayyukan mazaɓu domin ganin ko abin da aka biya yana nan a ƙasa.

A ɓangaren sana'ar kanta, dokar da aka sa wa hannu a 2018 ta kafa cibiyar CIPMN domin tsara aikin manajojin ayyuka a Najeriya. Daga waje, takardun shaidar da aka fi sani su ne PMP ta cibiyar PMI, wadda aka fara bayarwa a 1984, da PRINCE2 da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 1996. Masu ƙera manhajar kwamfuta sun fi bin salon da ya yaɗu daga 2001, inda ake yin aiki kashi-kashi cikin 'yan makonni, ana nuna wa mai aiki ana gyarawa. Salon ya dace da manhaja, amma ba a gina rabin gada a ce a gwada a gani.

Rufe aiki

Yanke ƙyalle ba shi ne ƙarshen aiki ba. A watan Fabrairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ziyarci Lafiya, inda ya ƙaddamar da ayyuka da suka haɗa da filin jirgin sama na Kwandare da tashar rarraba wutar lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 da ke Akurba. Duka biyun suna nuna wani abu game da wannan mataki na ƙarshe.

An fara filin jirgin ne a zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, aka ƙaddamar da shi a zamanin Gwamna Abdullahi Sule, wanda ya hau mulki a 2019. Babban aiki yakan fi wa'adin wanda ya assasa shi tsawo. Kwamishinoni da manyan sakatarori suna sauyawa, abin da ke riƙe aikin shi ne takardunsa: zanen da aka amince da shi, sauye-sauyen da aka yi da dalilansu, abin da aka biya da abin da ya rage. Inda waɗannan suka ɓace, sabuwar gwamnati kan tarar da kango ba ta san nawa ya ci ba, sai ta ga fara sabon aiki ya fi mata sauƙi.

Tashar Akurba kuwa kamfanin NDPHC ne ya gina ta, amma jigilar wuta a manyan layuka aikin kamfanin TCN ne, kai ta gidaje a Nasarawa kuma na kamfanin rarraba wuta na Abuja, AEDC. Mai gini daban, mai gudanarwa daban, mai sayarwa daban. A irin wannan aiki, mutumin unguwa ba zai ga amfanin tashar ba sai layukan da ke fita daga cikinta da taransifomomin cikin gari sun iya ɗaukar wutar, kuma wannan magana ce da ake yi da masu karɓar aikin tun a matakin tsari.

Kafin manaja ya rufe fayil, sai an gwada kowane sashe a gaban wanda zai karɓa, an miƙa zanen aikin yadda aka gina shi a zahiri, ba yadda aka zana shi da farko ba, an horar da waɗanda za su kula da shi, an kuma biya ƙananan 'yan kwangila da leburori haƙƙinsu. A kwangilolin gini galibi akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, sau da yawa kashi biyar cikin ɗari, har zuwa ƙarshen wa'adin gyaran kurakurai, wanda kan kai wata shida ko shekara guda. Idan kwalta ta ɓare ko rufi ya yi yoyo a cikin wannan wa'adi, ɗan kwangila ne zai gyara da kuɗinsa. Ga hanya a yanki mai ruwa irin na Lafiya, wa'adin da bai ƙunshi cikakkiyar damina ɗaya ba bai gwada komai ba, shi ya sa manajan da ke wakiltar mai aiki ba ya sa hannu a saki kuɗin riƙon sai ya sake taka hanyar bayan ruwan Satumba, ya leƙa ƙarƙashin kowane kwalbati.